Yayarmu ta bar makaranta dominmu, yau rabonta kashi ɗaya cikin bakwai

Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba. Yau dai abin ya tokare min maƙoshi, gara in faɗa.

Mahaifinmu ya rasu a 2004, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mu biyar, maza biyu mata uku, da Ummanmu wadda hawan jini ya riga ya taɓa mata ɓarin jiki. Babbarmu mace ce, shekararta 16 a lokacin, tana aji huɗu na sakandare. Ni ina 'yar shekara huɗu. Ana gama sadakar arba'in dangi suka watse, kowa ya kama gabansa. Yaya ta ninke kayan makarantarta ta sa a ƙasan akwati, ta ɗora kaskon awara a ƙofar gida. Daga awara ta koma ɗanwake a bakin wata firamare, daga nan ta kwashi adashi ta sayi keken ɗinki. Da keken nan aka biya wa mutum huɗu WAEC da JAMB. Da shi aka sake kwanon gidanmu a shekarar da iska ta yaye shi. Manema sun zo, ta ce sai ƙannenta sun ɗan tasa. Ba ta yi aure ba sai tana da shekara 29, auren kuma bai ɗore ba, ta dawo da 'ya'ya biyu ta ci gaba da jinyar Umma har Allah Ya karɓi abarsa bara.

Wata uku da suka wuce aka yi walimar ƙarin girma da aka yi wa babban cikin mazanmu a wurin aiki. Ya miƙe ya gode wa ogansa, ya ce babban mutum ne, ya gode wa malamansa da abokansa. Yaya tana tsakar gida tana zuba shinkafa a robobi. Sunanta bai fito ba. Na yi kuka a banɗaki na wanke fuska na fito.

Yanzu kuma mazan sun ce a sayar da gidan a raba gado. An yi lissafi, tunda iyayen Baba da na Umma duk sun riga su rasuwa: kashi bakwai, maza bibbiyu, mu mata ɗai-ɗai. Kason Yaya ko ɗaki ɗaya ba zai saya mata a unguwar ba.

Tambayata gare ku: abin da Yaya ta yi sadaukarwa ce, ko zalunci muka yi mata muka raɗa masa suna mai daɗi? Kuma wane ne babban mutum tsakaninta da wanda aka gode wa a lasifika?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Wallahi har na yi hawaye. Allah Ya saka wa Yayarku da Aljanna. Ki yi haƙuri ƙanwata, ladanta yana wurin Allah, Shi ba Ya mantuwa.

Tsohon Direba:
'Yata, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da ta shuka za ta girba, in ba a hannunku ba to a hannun 'ya'yanta. Amma maganar gado ki bi a hankali. Allah da kanSa Ya raba, bai bar wa annabi ba balle dangi. Na ga gidaje da yawa da gado ya tarwatsa, 'yan uwa ciki ɗaya ba sa ga maciji har kabari.

'Yar Fari:
Maman Biyu, ki gafarce ni, na san da zuciya ɗaya kika faɗa. Amma wannan kalmar ta "ladanki na wurin Allah" ni an fi shekara goma sha biyar ana faɗa min ita, kuma na lura duk ranar da aka faɗa min, to akwai haƙƙina da ake shirin dannewa. Gaskiya ce, lada na wurin Allah. Amma ladan da Allah zai ba ta ba ya sauke bashin da ke wuyan waɗanda suka ci guminta. Ni ma 'yar fari ce, ni na riƙe gidanmu. Na san nauyin kaskon nan.

Baba Direba, ba wanda ya ce a taɓa rabon Allah. Cewa ake yi kafin a zo ga rabon, an cire wa mai gumi guminta?

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Bari in ɗan tsoma baki, domin an haɗa abubuwa uku wuri ɗaya kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko, ya kamata ƙannen nan su san cewa abin da Yayarsu ta yi ba wajibinta ba ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyarwar dangi da ke wajaba a kan mutum ita ce ta iyayensa matalauta da ta 'ya'yan cikinsa. Ciyar da ƙanne ba ta wajaba a kan wa ko ya. Hanafawa ne suka faɗaɗa ta zuwa sauran muharramai. Ke nan da ta yi aurenta tana 'yar sha takwas ta tafi, ba alƙalin da zai kama ta da laifin ƙin biyan kuɗin makarantar ƙaninta. Mu ne a al'ada muke ɗaukar wahalar 'yar fari kamar ruwan sama, abin da ke zuwa da kansa ba a gode masa.

Abin da ta yi yana da suna a Alƙur'ani. A Suratul Hashri, aya ta 9, Allah Ya yabi mutanen Madina da cewa suna fifita wasu a kan kawunansu ko da su ma suna cikin tsananin buƙata. Kuma tana da magabaci. Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da su, mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da ƙanne mata, wata ruwayar ta ce bakwai wata ta ce tara. Yana saurayi ya bar budurwa ya auri bazawara. Da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaye shi dalili, ya ce ba ya son ya kawo musu yarinya irinsu, yana son wadda za ta kula da su ta taje musu kai. Annabi ya yi masa addu'ar albarka. Ku lura, an tambaye shi, an ji dalilinsa, an sa masa albarka a fili.

Na biyu, gado. Baba Direba ya yi gaskiya, aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ba ta sauyawa. Amma gado shi ne abu na ƙarshe da ake yi da dukiyar mamaci, bayan jana'iza da bashi da wasiyya. Kuma ba a raba abin da ba na mamaci ba. Kwanon da ke kan gidan nan ba Babanku ne ya saya ba. Wannan abin dubawa ne a gaban alƙali ko malamin da ya san ilimin rabon gado. Haka kuma malamanmu sun ce wanda ya ciyar da ƙaramin yaro, alhali ya san yaron yana da dukiya, yana iya komawa wa dukiyar ya karɓi abin da ya kashe, in ya rantse cewa da niyyar a biya shi ya kashe. A Maroko ma wani malamin Malikiyya na ƙarni na 16, Ibn Ardun, ya yi fatawa cewa matar ƙauye da ta yi wahalar gona tare da mijinta tana da kaso a amfanin da aka samu. Wasu malaman birnin Fas na can Maroko ba su yarda da shi ba, amma ya nuna mana magabata ba su ɗauki gumin mace abin banza ba.

Na uku, bayan an raba, kowa mai iko ne da kasonsa. Ba abin da ya hana ƙani ya ce Yaya na bar miki nawa.

Magidanci a Abuja:
Allah Ya gafarta Malam, mun ƙaru. Amma ina so a yi wa mazan nan adalci tunda ba sa nan. Mun ji ɓangare ɗaya ne. Ni ma ƙani ne da aka yi wa karatu, kuma na san yadda abin yake. Albashi yana shigowa, kafin ka kai gida wayoyi bakwai sun shigo: magani, kuɗin makaranta, haihuwa, rasuwa. Mutanen gida suna ganin kana Abuja, ba su san kuɗin hayar shekara ya fi ƙarfin rabin albashinka ba. Auta, tsakani da Allah, a shekarun nan yayyenki maza ba su yi komai ba? Wataƙila sayar da gidan ma matsi ne ya kawo shi.

Auta:
Yallaɓai, ka yi tambayar gaskiya, zan ba ka amsar gaskiya. Sun yi. Tun da babban ya fara aiki shi ke sayen maganin Umma duk wata, bai taɓa fashi ba. Ƙaramin yana biyan kuɗin makarantar ɗa ɗaya na Yaya. Ba mugaye ba ne, ina son su. Ƙaramin ma haya yake, matarsa ta kusa haihuwa ta uku, na san yana buƙatar kasonsa.

Abin da ke damuna shi ne su suna lissafa abin da suke turowa, naira kaza duk wata, suna ganin sun biya. Ita kuwa abin da ta bayar ba shi da rasit. Shekara goma sha uku na ƙuruciyarta. Ita ce ta fi mu duka ƙwaƙwalwa, Umma ta sha faɗa. Wa zai biya wannan?

Nas a Kaduna:
Maganar wane ne babban mutum ce ta taɓa ni, domin a aikinmu kullum muna ganinta.

Kun tuna Ebola a 2014? Ranar 20 ga Yuli wani mutum, Patrick Sawyer, ya sauka Legas daga Laberiya ba shi da lafiya, aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa a Obalende. Dokta Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata cewa yana da taro a Kalaba. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 ne suka kamu a duk Najeriya, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rabu da cutar. Ku yi tunanin da ya fita ya shiga cikin jama'ar Legas, ya hau jirgi zuwa Kalaba. Matar nan ta cancanci duk yabon da ake yi mata har da ƙari.

Amma a cikin mutum takwas ɗin nan akwai wata nas, Justina Ejelonu, wadda ba ta daɗe da kama aiki a asibitin ba, kuma tana da ƙaramin ciki. Ita ce cikin masu taɓa majinyacin da hannunsu. Ta rasu ita ma. Mutum nawa ne a zauren nan suka taɓa jin sunanta? Ban rage wa Dokta komai ba. Ina dai cewa ko a cikin waɗanda suka ba da rai, duniya tana zaɓen wanda za ta tuna. To ina ga wadda ba ta mutu rana ɗaya ba, ta riƙa bayar da ranta kaɗan-kaɗan, kullum da asuba a gaban murhu?

Ni na yi jinyar masu shanyewar jiki. Juya su duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama su, wanki, ba da abinci cokali-cokali don kada su ƙware. A asibiti mu uku muke karɓa-karɓa a yini ɗaya kuma muna gajiya. Yayarki ita kaɗai ta yi shekara da shekaru.

Maman Biyu:
'Yar Fari, na karɓi gyara. Ban yi tunanin yadda kalmar take sauka a kunnen wadda abin ya shafa ba. Allah Ya yafe mana.

Ɗan Damagaram:
Sallama gare ku daga Nijar. Ni ina tare da Auta a kan tambayarta ta farko, kuma ina ganin an kauce mata. Ana ta yabo, ba a amsa ba.

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu mutanen yankin Kance ne, nan jiharmu ta Damagaram. Gwamnati ta sa makokin kwana uku. Matan nan ba yawon duniya suka tafi ba, abin da za a ci a gida suka tafi nema, goye da 'ya'yansu. Duk wanda ya ce ba don son iyalinsu suka shiga hamada ba ya yi ƙarya. Amma ni bakina ba ya iya kiran wannan sadaukarwa in yi shiru. Yunwa ce ta kora su, da rumbun da ya ƙare tun kafin damina.

Haka nake ganin Yayarku. Yarinya 'yar shekara 16 ba ta zaɓi komai ba. Ina baffanninta? Ina kawunnanta? Ina masu zakka na unguwa? Ina hukuma? Manya suka gudu suka bar wa yarinya kaya, da ta ɗauka sai aka ce kai, jaruma ce. Yabon nan yana wanke waɗanda suka gudu. Wana ya bar lakkwal, wato makaranta, ya tafi ci-rani Abijan yana ɗan shekara 17 don mu ci, ya dawo da tari da bai rabu da shi ba har ya rasu. Har yau in aka ce masa gwarzo sai raina ya ɓaci, domin na san da ya samu wata hanya da bai tafi ba.

Malama daga Jos:
Ɗan Damagaram, Allah Ya jiƙan wanka. Maganarka tana da nauyi. Bari in kawo misali daga wajenmu, don a ga bambancin da kake nufi.

Ranar 23 ga Yuni 2018 aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi. Mutane suka gudo Nghar Yelwa. Limamin garin, Malam Abdullahi Abubakar, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe masallaci da gidansa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista. Mata ya kai su cikin gida, maza cikin masallaci. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya tsaya yana roƙonsu har suka tafi. A 2019 Amurka ta ba shi lambar yabo. Wannan dattijo ne mai cikakken hankali, yana iya rufe ƙofarsa ba wanda zai zarge shi, ya zaɓi ya buɗe. Wannan ita ce sadaukarwar da ba gardama a kanta.

Amma ni abin da nake yawan tunawa shi ne, mutumin da ya tsaya a ƙofar masallaci ranar nan ba ranar ya zama haka ba. Shekaru ya yi yana zaune lafiya da maƙwabtansa, suna gaisawa, suna zuwa wa juna jaje da barka, shi ya sa ma da suka gudo suka san ƙofar da za su nufa. Ranar guda duniya ta gani. Kuma matan da aka shigar cikin gidansa, akwai waɗanda suka shimfiɗa musu tabarma suka ɗora tukunya, su ba a ɗauki hotonsu ba.

'Yar Fari:
Ɗan Damagaram, rabin maganarka na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Dangin da suka watse bayan arba'in suna da tambaya a gaban Allah. Amma ɗaya rabin ban yarda ba, kuma a matsayina na wadda ta taka wannan hanya nake faɗa.

Kada ka ce ba ta zaɓa ba. Ranar farko wataƙila ba ta zaɓa ba. Amma Auta ta ce manema sun zo. Duk manemin da ya zo ƙofa ce a buɗe. Na san 'yan fari da yawa da suka bi ta ƙofar nan suka fita, kuma ban ga laifinsu ba. Ita ta kalli ƙofar tana da shekara 18, ta kalle ta tana da 22, ta kalle ta tana da 25, tana mayar da ita tana rufewa da hannunta. In ka ce duk tilas ce, ka ƙwace mata abu ɗaya da ya rage nata. An ci kuɗinta, an ci ƙuruciyarta, sannan a ce ko niyyar ma ba tata ba ce?

Ni ranar da na ƙi wani mutumin kirki da ya so ya tafi da ni Fatakwal, na san abin da nake yi. Ƙanina na aji shida, na san in na tafi gareji za a kai shi. Na yi kuka sati guda. Amma ni na yanke, kuma son yaron nan ne ya sa. Ba na son tausayi, ba na son a riƙa kallona kamar wadda mota ta buge.

Kun san abin da ya fi yi min ciwo? Ba kuɗi ba ne. Ranar da za a nema wa ƙanin nan aure, suka zauna su da suka yi boko suka gama magana, sadaki, lefe, rana, sannan aka kira ni aka ce Yaya ga abin da aka yanke, ke za ki kula da girki. Yaron da na yi wa tsarki. Tun da suka yi digiri na koma wadda ake sanar wa, na daina zama wadda ake shawara da ita.

Auta, kin zo nan kin tambaye mu. Ita kin tambaye ta?

Auta:
Wallahi Yaya, ban tambaye ta ba. Kunya nake ji. Ban san ta inda zan fara ba.

Tsohon Direba:
Ki saya mata goro ko turare ki je da daddare bayan yara sun yi barci. Ki zauna a ƙasa. Ba sai kin shirya magana ba.

Magidanci a Abuja:
'Yar Fari, maganarki ta same ni. Mu ma haka muka yi wa babbar yayarmu a bikin autarmu, kuma sai yanzu na gane. Muna ganin muna sauƙaƙa mata ne. Auta, shawara ɗaya: kada ki tunkari yayyenki da faɗa ko a zauren WhatsApp na gida, namiji in aka kunyata shi gaban ƙannensa sai ya kafe ko ya san ba shi da gaskiya. Ki sami babban shi kaɗai.

Malamin Islamiyya:
Game da tambayar babban mutum, akwai Uwaisul Ƙarni. Mutumin Yaman ne, ya yi zamani da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, amma ba su haɗu ba. Yana da mahaifiya da yake yi wa biyayya. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi ya ba Umar labarinsa, ya ce in ya sami dama ya nemi Uwaisu ya roƙa masa gafara. Umar yana halifa ya riƙa tambayar ayarin mutanen Yaman har ya same shi. Da ya ce zai rubuta wa gwamnan Kufa takarda a kansa, Uwaisu ya ce ya fi son ya kasance cikin talakawan mutane. Sarkin Musulmi ne ya je neman addu'ar mai hidimar uwa.

Sai dai kada a ɗauki wannan a ce to a bar ta a ɓoye tunda Allah Ya san ta. Uwaisu ne ya zaɓi ɓoyuwa, Umar kuwa nemansa ya yi. Aikin ƙanne shi ne na Umar. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, haka hadisi ya ce.

Ɗan Damagaram:
'Yar Fari, na ji, kuma na janye kalmar cewa ba ta zaɓi komai ba. Amma ina nan a kan cewa bai kamata a ce yarinya ce aka bar wa wannan zaɓin ba.

'Yar Fari:
A nan ba mu da saɓani, ɗan uwa.

Auta:
Assalamu alaikum. Na dawo, kwana biyu ban leƙo ba. Na je kamar yadda Baba Direba ya ce.

Maganar walima ko a jikinta, ta ce ita ranar murna take yi, shinkafar ma ba ta isa ba shi ne abin da ya dame ta. Amma da na ambaci gida sai ta yi shiru. Ashe ba wanda ya gaya mata. A bakin dillali ta ji, ranar da ya zo da wani mutum suna auna tsakar gida da ƙafa tana kan keke. Ta ce ta ba su ruwa suka sha.

Na gaya mata abin da Malam ya ce, cewa tana iya neman abin da ta kashe. Ta tashi ta buɗe akwatin nan ta ɗauko wani littafi mai bangon kwali. Duk abin da ta biya tun 2004 yana ciki, da kwanan wata, da rubutunta mai kyau na 'yar aji huɗu. Kuɗin jarrabawa, takalmin makaranta, bandir ɗin kwano, har allurar da aka yi min da na yi ƙyanda. Na ce Yaya ashe kina da hujja. Ta ce ba don haka ta rubuta ba. Wani baffanmu ne ya taɓa cewa tana cin kuɗin marayu, shi ya sa ta fara rubutawa don ta kare kanta. Ta ce ba ta taɓa kashe ko sisi da niyyar a biya ta ba, kuma ba za ta rantse a kan abin da ba haka yake ba.

Na ce to me kike so? Ta ce ita ba ƙarin kashi take nema ba. Ta ce, keken nan a ina zan ajiye shi? Masu kawo min ɗinki nan suka sani. Ɗakin Umma kuma ko kayanta ban kwashe ba.

Ni da ɗaya 'yar uwar tamu mun yi magana, mun bar mata kasonmu. Ya zama uku cikin bakwai. Na kira babban yayanmu shi kaɗai, na gaya masa maganar dillali. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce zai zo ranar Asabar. Ban san me zai yanke ba, ƙaramin kuma har yanzu yana buƙatar kuɗinsa.

Malamin Islamiyya:
Allah Ya yi muku albarka. Tunda ta ce ba da niyyar biya ta kashe ba, waccan ƙofar ta rufe, kuma gaskiyarta ce ta rufe ta. Kyautar da kuka yi kuwa kada ta tsaya a baki. Ku rubuta, ku sa shaidu biyu adilai, kuma a bayyana cewa ta karɓa, domin a Malikiyya kyauta ba ta cika sai da karɓa a hannu. In ƙaramin yana matse, a yi wa gidan kima, a ga ko za a iya sayen kasonsa a biya shi kaɗan-kaɗan ba sai an sayar wa bare ba.

Nas a Kaduna:
In za a yi hakan, a fara tambayarta ko tana son zaman gidan har gaba ko shago take so a bakin titi. Kada a sake yanke mata.

Auta:
Na gode Malam, na gode Anti. Na ce mata ta fito da littafin ranar Asabar su gani da idonsu, ta ce a'a, ba ta son su ji kamar gori take yi musu. Amma da ta fita ɗora ruwan shayi na ɗauki hoton shafukan a wayata. Ina ganin in babban ya ga shafin shekarar da ya shiga jami'a, magana ta ƙare.

'Yar Fari:
Ƙanwata, littafinta ne, kuma ta ce a'a. Na san don ita kike yi. Su ma masu kiran dillali za su ce don kowa suka yi.

Auta:
Na goge su, Yaya. Zan kwana a can ranar Juma'a, in sake roƙonta.